Neman shawara: gwajin jarirai na cutar Krabbe

Salam yan uwa, don Allah a boye sunana. Muna zaune a Amurka, cikina wata bakwai kuma auren zumunci ne dan kanin babana nake aure. Yayarsa a gida ta rasa yara biyu duk kafin su shekara biyu, sai yaro ya fara kuka ba dalili ya sandare ya daina shan nono, aka ce iska ce. Da na fada wa likita ta ce akwai cututtukan jijiya na gado masu yin haka irin su Krabbe, amma jiharmu ba ta cikin masu gwada ta a jinin diddigen jariri, kudirin dokar yana majalisa har yanzu. Maigida ya ce mu bar wa Allah. Ya zan yi?

Maman Afnan: Yar uwa kar ki jira majalisa wallahi, dokar nan sai ki yaye dan ba ta fito ba. A nan kowace jiha da nata jerin cututtukan da ake gwada wa jarirai, New York tun 2006 take gwadawa bayan cutar ta kashe Hunter, dan Jim Kelly tsohon dan wasan kwallon Amurka, gwamnatin tarayya kuwa sai 2024 ta sa ta a jerin shawararta kuma ba tilas ba ne kan jihohi. Ki ce likitarki ta tura ku gwajin gado ke da shi tun yanzu.

Nas Bilki: Lissafin sikila ne sak, in ku biyun kuna dauke da ita kowane ciki daya cikin hudu ne, in dayanku ne kawai yaron ba zai kamu ba. Abin da ya sa ake gaggawa, cutar tana cinye rufin jijiyoyi ne, dashen bargo kuma ana so a yi shi cikin kwana 30 na farko kafin alamu su fito. Amma gaskiya dashen ba ya warkarwa gaba daya, jinkirta ta yake kuma yana da hadari. Sannan ba lallai Krabbe ce ta yaran yayar tasa ba fa, a duba har da SMA, wata cutar gado mai raunana tsokokin jiki.

Abban Sadik: Hajiya ki bi maigidan a hankali, tsoro ne, kar a ce jinin gidansu ne. Ki tuna masa gidan naku daya ne.

Mai tambaya: Na gode. Inshora na biyan gwajin kuwa?

Maman Afnan: Ya danganta da inshorarku, amma ki tabbata likita ta rubuta zancen yaran nan biyu a fayil kafin ki kira su.