Ciki ya shiga wata huɗu: me ake yi kafin ya tsufa?

Mai cikin fari: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ciki ya shiga wata huɗu, laulayi ya lafa, abinci ya fara zama. Don Allah waɗanda suka san hanya ku faɗa mana abin da ake yi daga yanzu zuwa wata shida, da abin da ake tanada tun da sauran ƙarfi.

Ungozomar asibiti: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya raba lafiya. Daga mako na 14 zuwa na 27 ne mata suka fi yin sakaci da awo don jiki ya yi daɗi, alhali a nan rigakafin yake. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo sau takwas, biyu daga ciki a mako na 20 da na 26. Fansidar, maganin rigakafin maleriya, ta fi damuna. Ƙwaya uku ake haɗiya lokaci guda a gaban ma'aikaciya, ana farawa daga mako na 13, tsakanin sha da sha wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kada ki ce ai ba kya zazzaɓi. Ƙwayar maleriya takan ɓuya a mabiyiya, uwa ba ta ji komai ba, jininta na raguwa, jariri ya fito ɗan mitsitsi. Mai shan Septrin kullum, ko wadda Fansidar ta taɓa fito mata da ƙuraje, ta faɗa kafin a ba ta. Allurar sarƙewar haƙora kuma biyu ce, tazarar mako huɗu, ta biyun ta riga haihuwa da aƙalla mako biyu, in ba haka ba kariyar ba ta isa ga jariri yadda ake so.

Uwar 'ya'ya biyar: Anti ta gama magana. Zan ƙara kan maganin ƙarin jini, don a nan ake yawan gudu. Yana mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne. Yana iya ƙulle ciki, sai a yawaita ruwa da gwanda da miyar ganye. In yana tayar miki da zuciya, ki sha da daddare bayan tuwo, kada ki daina. Kuskuren da aka fi yi shi ne kora shi da shayi. Ganyen shayi na hana jiki zuƙar sinadarin ayon da ke cikin maganin, a bar awa ɗaya ko biyu tsakani. Lemon zaƙi ko gwaiba suna taimaka masa. Zogale, alayyahu, wake, ƙwai da kifi su riƙa shiga tukunya.

Mai ɗakin magani: Hajiya, a ƙara da duba ƙwayar folik asid. Wadda ake so kullum mai miligiram 0.4 ce. Mai miligiram 5, wadda ta cika shaguna, tana rage ƙarfin Fansidar. Wadda likita ya ɗora a kanta, kamar mai sikila, kada ta canza da kanta, ta nuna a wurin awo.

Nas a ɗakin awo: Sikanin da ya fi amfani shi ne na mako 18 zuwa 22. A nan ake ganin gaɓoɓin ɗa, da ko tagwaye ne, da inda mabiyiya ta kwanta. In an ce ta yi ƙasa kada hankali ya tashi, yawanci tana yin sama yayin da mahaifa ke girma, sai a sake dubawa a watannin ƙarshe. Motsi kuwa, mai cikin fari takan ji wajen mako 18 zuwa 20, wadda ta saba ta riga ta ji. Ya wuce mako 24 babu motsi, a zo a saurari bugun zuciya.

Ga abin da ba a kwana da shi a gida: jini komai ƙanƙantarsa, tsiyayar ruwa, zazzaɓi, zafin fitsari, ciwon mara mai zuwa yana komawa. Sai ciwon kai mai nacin tsiya, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Waɗannan na ƙarshe alamun hawan jinin ciki ne, yakan bayyana bayan mako 20, kuma shi ke kaiwa ga jijjiga. Awon jini ya kai 140 kan 90, a gwada fitsari ranar. Ina roƙon iyayenmu da su daina cewa kumburin fuska alamar namiji ce ko tagwaye. Haka jiƙe-jiƙen maganin zaƙi, ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki. Mai tsoron suga, akwai gwajinsa a mako 24 zuwa 28.

Uwar 'ya'ya biyar: Kaya kuma a saya kaɗan-kaɗan tun yanzu. Tsofaffin zannuwan atamfa masu laushi a wanke a goge, audugar mata manya, famfas, hula da safa, sabulu, da man cibiya na kulohezidin da ake samu a asibiti. Cibiya ba a sa mata toka ko man goge baki. Kada a zuba kuɗi a rigunan sabon haihuwa, nan da nan suke matsewa. Asibitoci sun bambanta wajen abin da suke nema, ki karɓi takardarsu.

Ungozomar asibiti: Maigida ma da nasa aikin. Ya san rukunin jininki, ya nemi mutum biyu da za su iya bayarwa, ya ajiye lambar mai mota ko mai Keke Napep da ke ɗaga waya da tsakar dare, ya kuma ba ki izinin tafiya asibiti ko ba ya gari. In jininki mai nagetif ne nasa fozitif, akwai allurar kariya daga illar saɓanin jini wajen mako 28 da wata cikin awa 72 bayan haihuwa, tana da tsada, a fara tara kuɗinta.

Mai cikin fari: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Anti, wadda za ta tafi goyon ciki gida a wata bakwai fa?

Ungozomar asibiti: Ta tafi da katin awo da duk takardun gwaji da na sikanin, ta yi rajista a asibitin garinsu a makon da ta sauka, kada ta bari sai naƙuda ta kai ta. Ta sa a rubuta mata ranar da ta sha Fansidar ta ƙarshe da allurar da ta rage, don can su ɗora daga inda aka tsaya.