Neman shawara: taron tunawa na 20 ga Oktoba a Kano, titi ko ɗakin taro?

Matashin Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka, kaina ya kulle. Muna so mu yi taron tunawa da matasan da aka kashe a zanga-zangar EndSARS. Kun san an rusa SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi, ranar 11 ga Oktoba 2020, bayan kwana biyu aka ce an kafa wata rundunar, SWAT, a madadinta, mutane suka ƙi barin titi, sai harbin da sojoji suka yi wa masu zanga-zanga a Lekki, Legas, daren 20 ga wata. Kwamitin Mai shari'a Doris Okuwobi da gwamnatin Legas ta kafa don bincike ya miƙa rahoto a Nuwamba 2021, ya kira abin kisan kiyashi, gwamnatin Legas ta karɓi shawara 11 cikin 32. Mu nan Kano ko irin wannan kwamitin ba a kafa ba. Shi ya sa muke so mu yi tattaki da kwalaye, a karanta sunaye, a yi addu'a. An riga an buga riguna. Wasu na cewa sai da izinin 'yan sanda, wasu na cewa kada ma mu sanar da su. Rabin mutanenmu sun fara ja da baya. Ya za mu yi?

Barista Abu Hanif:
Wa'alaikumus salam. Batun izini ya mutu tun 2007. Kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Sufeto Janar da jam'iyyar ANPP, ta ce neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki, kuma tushen ƙarar taron ANPP ne da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a nan Kano a 2003. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ku 'yancin taro. Abin da za ku yi sanarwa ce, ba roƙo ba. Sashe na 83(4) na dokar 'yan sanda ta 2020 ya ce idan an sanar da su, wajibi ne su ba da tsaro.

Ku rubuta wa kwamishina takarda: rana, lokacin farawa da na tashi, inda za a taru, hanyar da za a bi, kimanin yawan mutane, sunan mutum biyu da za a tuntuɓa. Kwafi uku. Ɗaya a hedikwata ta Bompai, ɗaya ga DPO na yankin, na uku a buga masa hatimin shaidar karɓa ku riƙe. Nan mutane ke faɗuwa: su ajiye takarda wajen mai gadi su tafi, ranar taro a ce ba a gani ba. Ku kai mako guda kafin ranar. Kada kalmar “muna neman izini” ta shiga ciki, domin wanda ka roƙa yana iya hana ka.

Maman Khairat:
Barista, doka daban, titi daban. Lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 ma ai akwai sashe na 40. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ƙirga aƙalla mutum 24 da aka kashe a Kano, Jigawa, Katsina, Kaduna, Borno da Neja, an kama fiye da 1,200. Yara ƙanana aka kai babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Kai kuma ɗana, me ya sa sai Lekki? Namu da aka binne nan, wa ke tuna su? Ku kama ɗakin taro, ku sa mutum a ƙofa, a yi saukar Alƙur'ani, kowa ya koma gidan uwarsa lafiya.

Matashin Fagge:
Mama, ba mun manta da namu ba ne, za a ambace su. Amma ranar 20 ce duniya ta sani, kuma rigunan da kwanan watan aka buga su. Idan muka shiga ɗaki wa zai gan mu?

Barista Abu Hanif:
Daidai. Tsoro ba hujja ba ne. In za ku fita, ga sauran: kowa ya rubuta lambar lauya da biro a hannunsa, saboda waya ce farkon abin da ake ƙwacewa. Mutum ɗaya ya zauna a gida da jerin sunayen duk wanda ya fita. In an kama wani, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin awa 24, ko 48 in kotu na da nisa. Kada ya sa hannu a kan kowane bayani sai da lauya. Beli kyauta ne. Ku sanar da reshen ƙungiyar lauyoyi da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tun kafin ranar.

Ɗan Kantin Kwari:
Kyauta a takarda. Ni damuwata ba 'yan sanda ba ce, 'yan daba ne. Tattaki a Kano ba ya ƙarewa da mutanen da suka fara shi. Ranar 1 ga Agustan 2024 ba a yi la'asar ba an wawashe sabuwar cibiyar hukumar sadarwa ta NCC, aka sa dokar hana fita, 'yan kasuwa suka ɗauki asara. In kun dage, ku tsaya wuri ɗaya mai katanga, kada ku yi tafiya. Ku fara ƙarfe takwas, ku tashi kafin goma. Mai tsare layi ɗaya ga kowane mutum goma, da riga mai launi daban. Ban da yara 'yan ƙasa da sha takwas, ban da tutar kowace ƙasa sai ta Najeriya. Kun ga yadda ɗaga tutar Rasha a waccan zanga-zangar ya ja har teloli aka kama.

Nas Hadiza:
Kan barkonon tsohuwa: ruwa mai tsabta kawai, a zuba daga gefen hanci zuwa waje, kada a murza ido. Ku manta da zancen shafa man basilin ko kananzir, maiƙo riƙe hodar yake yi a fata. A nufi inda iska ke fitowa, a nemi tudu. Mai asma ya zauna gida. Rigar da ta sha hayaƙi a cire ta, a wanke ta ita kaɗai. Sannan sunayen da za ku karanta, daga ina kuka samo su? Iyalan sun yarda?

Matashin Fagge:
Sunayen suna yawo a Facebook, kowa ya san su. Kuma ba za mu iya hana yara zuwa ba, su ne suka fi ɗoki.

Barista Abu Hanif:
A'a, nan kam ka kauce. Suna ɗaya ya fito na mai rai, an gama da taronku, har ana iya ja muku sashe na 24 na dokar laifukan intanet. Ku tsaya kan abin da ke cikin rahoton kwamitin Legas. Har yanzu kuma ba ka faɗa mana ku nawa ne ba, kuma wa zai sa hannu a takardar.

Maman Khairat:
Tambayar kenan. Barista, kai za ka sa musu hannu?

Matashin Fagge:
Wannan za mu tattauna da daddare. Amma tattakin dai muna nan a kansa. Akwai wanda ya san inda ake hayar lasifika mai batiri a kusa da Fagge?