Shurin juyi: haurin jaki ko mai share kai da dunduniya, wanne ya fi?

Dan_Rigasa:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu tekwando da kareti ku zo ku raba mana gardama. Wata na bakwai kenan da fara tirenin, jiya bayan la'asar saura kaɗan mu ɓata da abokina a kan shurin juyi. Shi ya dage wai wanda ake juyawa a miƙe ƙafa ta baya kai tsaye kamar haurin jaki shi ne shuri, ni kuma na ce wanda ake wulwulo ƙafa a share kan mutum da dunduniya ya fi, ko don kyau ma, in ka gan shi a bidiyo sai ka maimaita sau biyar. Matsalar dai duk sanda na gwada nawa sai jiri ya kwashe ni, shekaranjiya ma na kuskure abin dukan gaba ɗaya na zauna daɓas a ƙasa yara suna ta min dariya. To wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi saurin shiga, kuma wanne zan fara riƙewa?

Koci_TudunWada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abokinka ya fi ka gaskiya, ka yi haƙuri. Haurin jakin nan da 'yan Koriya ke ce wa dwit chagi, 'yan kareti su ce ushiro geri, hanyarsa gajera ce, ka juya ƙugu, gwiwa ta wuce dab da ɗaya gwiwar, dunduniya ta tafi a miƙe kamar an harba kibiya, kuma duk nauyin jikinka na bayanta. In ya sauka a ciki ko haƙarƙari mutum ba ya ma iya ihu, numfashi ne ke ɗaukewa. Naka kuwa sai ƙafa ta zaga kusan da'ira kafin ta isa kai, duk wannan lokacin abokin karawarka yana kallonka, in yana da ido taku ɗaya zai yi ya shige jikinka, sai ka doke shi da cinya maimakon dunduniya, ga ka a kan ƙafa ɗaya ka ba shi baya.

Maganar jiri kuma ban ma gan ka ba amma na san abin da kake yi, kana juya jiki gaba ɗaya kamar buhu, kai da kafaɗa da ƙugu lokaci guda. Kai ne ke fara juyawa, idonka ya riga ƙafarka isa wurin, ka hango shi ta saman kafaɗa tukuna ka saki ƙafar. Sannan ƙafar da ka dogara a kanta, a kan gaban tafin za ka juya, dunduniya a ɗan ɗage. In ka manne tafin duka a ƙasa, musamman kan siminti da takalmi mai roba, ƙafa za ta tsaya jiki ya wuce, gwiwa ce za ta biya kuɗin. Ni da bakina nake gaya maka, sati shida na yi ina ɗingishi ina zarya wurin mai ɗori saboda wannan gangancin.

Abba_Barnawa:
Koci na yarda da kai amma kar a rage wa mai dunduniya daraja fa. A nemo Edson Barboza da Terry Etim, gasar faɗan keji ta UFC 142, a Rio cikin Janairun 2012, dunduniya ta sauka a muƙamuƙi mutumin ya sandare tun a tsaye ya faɗi kamar an sare icce. Sai dai kuma don adalci, Chris Weidman ya gwada irin sa a kan Luke Rockhold a 2015, yana riƙe da kambu lafiya lau, ya juya a hankali kamar mai neman abu a aljihun baya, Rockhold ya kama shi ya kai ƙasa ya yi ta kirɓa, a zagaye na gaba aka tsayar da faɗan kambu ya tafi. Shuri ɗaya ne fa, wani ya ci suna da shi wani ya rasa komai. Na Joaquin Buckley a 2020 kuwa haurin jaki ne amma da tsalle, an riƙe masa ƙafa ɗaya ya juya ya harba da ɗayar a fuska, wannan kam kar ka gwada a gida.

Maman_Hanif_TKD:
Ku maza duk maganar sumar da mutum kuke yi. Yaron nan tekwando yake koya ko? To a gasa lissafin daban ne. A Olamfik ɗin Faris na 2024 shuri a jiki maki 2 ne, in da juyi 4, a kai maki 3, in da juyi 5. Wato alƙalai da kansu sun san kasadar da ke ciki shi ya sa suke biya da tsada. Wanda bai ga wasan ƙarshe na Cheick Sallah Cissé ɗan Kwaddibuwa da Lutalo Muhammad na Birtaniya a Rio 2016 ba ya je ya gani, ana cin sa 6 da 4, a daƙiƙar ƙarshe ya juya ya taɓa kai, lokacin maki 4 ake ba wa wannan, aka tashi 8 da 6 ya ɗauki zinare. A wannan gasar ce ma Alfaga na Nijar ya samo azurfa, mu nan muka yi ta murna kamar ɗan unguwarmu ne. Don haka ɗana ka koyi duka biyun, amma yadda Koci ya ce, haurin jakin tukuna. Ni ɗalibaina ba na barin su ɗaga ƙafa sama da ƙugu da juyi sai na ga sun yi haurin baya goma a jere sun dawo tsayuwarsu ba tangaɗi.

Shagon_Kawo:
Hhhh Hajiya a gafarce ni, mu a gidan dambe ba maki, kisa ne kawai. Ana shuri a dambe sosai, amma ka juya wa mai ɗaure da zare baya? Kafin ka gama juyin ya sauke maka a ƙeya. Kuma a wurinmu ko hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an kashe ka, to wancan na 'yan Burazil masu kafuwera da suke dafa ƙasa da hannu su wulwulo ƙafa, ƙarfi kam akwai shi don duk jiki ne ke lilo, amma a filinmu ka kashe kanka da kanka tun turmin farko, makaɗa su koma yi wa wani kirari.

Abba_Barnawa:
Shago ai 'yan Tailan ma suna da mai share kai da dunduniyar a damben su, sunan da suka sa masa wai kada ya kaɗa jela. Amma ka lura ba su cika yin sa ba, sun fi yarda da ƙwauri a haƙarƙari.

Dan_Rigasa:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na gwada abin da Koci ya ce, na manna takarda a bango daidai tsayin cikina ina juya kai in hango ta kafin in saki ƙafa, wallahi jirin ya ragu sosai. Sai dai ƙafar tana buɗewa gefe, maimakon dunduniya sai in ga gefen ƙafa ne ke zuwa. Abokin nawa kuma na nuna masa amsoshinku tun ɗazu yake min dariya.

Koci_TudunWada:
Gwiwarka ce ke buɗewa, kuma kana wuce gona da iri a juyin. Ka tsaya dab da bango ta gefen ƙafar da za ka harba, kamar taƙi ɗaya tsakaninku, in gwiwa ta buɗe za ta goge bangon ka ji da kanka. Ashirin kowace ƙafa, a hankali, ba takalmi. In ka yi sati biyu ka ɗauko bidiyo ka turo mu gani, shi ma mai dariyar ka ɗauko nasa.