Cinyoyin Baba sun zube bayan jinya, naman zai dawo kuwa?

ɗan_fadama:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina da tambaya. Babanmu ya kusa shekara 70, manomin shinkafa ne nan wajen Argungu, da can shi kaɗai yake ɗora buhu a amalanke. Ya yi doguwar jinya bayan damina, an sallamo mu Alhamdulillah, amma cinyoyinshi sun zube, wando sai an ƙara jan mazagi, in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Abin da ke ɗaure min kai, ƙanena ya taɓa karyewa a mashin, ƙafar ta rame cikin filasta amma da anka cire ba a jima ba ta ciko. Mi ya sa na Baba bai dawo ba? Mun hana shi komi wlh, ko buta ba ya ɗauka.

Maman Hanifa:
Allah ya ƙara ma Baba lafiya. Ku dage da kunun gyaɗa da nono da kifi, ku da ke bakin gulbi ai kifi ba matsala. Akwai kuma ƙwayar nan dexa ta kemis, na ga tana sa mutum ya ciko da wuri.

mai_gashi_BK:
Wa alaikumus salam. Aikina kenan, gashin ƙashi nake yi, kuma ɗan'uwa wannan hana shi ɗaukar butar shi ne babbar matsalar, ka yi haƙuri. Tsoka tana gyara kanta, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ke maƙale a gefen kowane zaren tsoka suna barci, wani masani Alexander Mauro ya gano su a 1961, in tsoka ta yage ko ta sha aiki sai wurin ya ɗan kumbura, sojojin jini su zo su kwashe abin da ya mutu, sannan su waɗannan su farka su hayayyafa su manne da zaren su cike gurbin. Ciwon jikin da kake ji kwana 1 zuwa 3 bayan ka yi huɗa ranar farko, to aikin gyaran ne ke tafiya.

Ƙanenka yaro ne, ƙwayoyin gyaran nashi suna da yawa kuma da kuzari. Tsoho kuwa sun ragu, ga shi tun daga shekara 30 tsoka ke raguwa kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara 10, bayan 60 abin ya ƙara gudu, kuma zaren da ke fara zubewa su ne masu ƙarfin zabura, shi ya sa miƙewa daga sujada ta fi tafiya wuya. Sai kwanciya ta zo ta ƙarasa, tsoho mai lafiya ma in ya kwana 10 a gado yana iya asarar kusan kilo 1 na naman ƙafa. Yana dawowa, ko ɗan shekara 90 tsokarshi na amsa motsa jiki, sai dai a hankali kuma ba lallai ya koma ɗora buhu ba. Ku sa shi ya zauna kan kujera ya miƙe, ya zauna ya miƙe, safe da yamma, ya taka zuwa masallaci da wani a gefe. Wake, ƙwai, awara, kifi a kowane cin abinci, ba tuwo zalla ba.

Hajiya ki gafarce ni, dexa kam a'a. Fuska da ciki take kumburawa, ita kanta in an daɗe ana sha naman cinya take cinyewa, ta kuma tada suga.

Abu_Jega:
Ku dai gwada mishi suga da ƙoda. Kawuna haka ya dinga ramewa muna ta ɗura mishi abinci ashe suga ne. Tarin tibi ma yana cinye nama haka. Kuma in ƙoda ta taɓu ba a cika nama da wake sai likita ya faɗi adadi.

ɗan_fadama:
Na gode ƙwarai. An gwada suga a asibiti sunka ce lafiya lau, ƙoda ce ban tuna ba, zan duba takardun. Yanzu rigimar Inna ce, in ta ga ya miƙe ba a riƙe shi ba faɗa take da mu.

mai_gashi_BK:
Ka sa Inna ta zama mai ƙirga mishi, ku fara da 5, a jingina kujerar da bango kada ta zame. In ya ji jiri ko ciwon ƙirji a tsaya a koma asibiti.