Layin nan da ke cika idan ana kwafar fayil, me za mu kira shi?

1/ Jama'a, ina neman kalma. Ina haɗa wa masu shagunan buga takardu na nan Jos wata 'yar manhajar kwamfuta, irin shagunan da ke Ahmadu Bello Way da wajen Terminus, kuma ina so duk rubutun fuskarta ya fito da Hausa. Inda na maƙale shi ne layin nan da ke cika daga hagu zuwa dama idan ana kwafar fayil ko folda zuwa filashi. Turawa na ce masa progress bar.

2/ Wasu sun ce "sandar ci gaba". Ban karɓa ba. Bahaushe ya ji ci gaba, hankalinsa zai tafi ga titi da ruwan famfo da wutar lantarki. Sanda kuwa ta makiyayi ce, ko ta dogarawa.

3/ Mu fara duba aikinsa. Kafin manhaja ta kwafi komai, sai ta bi foldar da duk foldojin da ke cikinta, ta ƙirga fayiloli, ta haɗa nauyinsu. Shi ya sa Windows ke ɗan jinkiri a farko kamar ba ta yin komai. Daga nan sai ta riƙa gwada abin da ta kwafa da jimillar. In jimilla gigabait 4 ce, an kwafi 1, layin ya cika kashi 25 cikin 100. Wato awo ne zalla.

4/ Kuma awon yana iya yin ƙarya in mai manhaja ya yi ganganci. A ce folda na da ƙananan hotuna 99 da bidiyon biki guda ɗaya mai nauyi. In yawan fayiloli kake ƙirgawa ba nauyinsu ba, layin zai ruga zuwa kashi 99 ya tsaya cak, mai shago ya ɗauka kwamfuta ta daskare, ya zare filashi, bidiyon ya lalace. Lissafin lokaci ma haka yake tangal-tangal: ƙananan fayiloli dubu sun fi babba ɗaya mai nauyinsu cin lokaci, domin kowanne sai an buɗe shi, an rubuta sunansa a sabon wuri, an rufe. Windows 8, da ta fito a 2012, ta ƙara zanen da ke nuna saurin kwafar yana hawa yana sauka, da maɓallin dakatarwa.

5/ Abin ba ado ba ne. Tun 1985 Brad Myers, yana ɗalibi a Jami'ar Toronto, ya gwada mutane ya tarar mafi yawansu sun fi son jira suna kallon layin a kan jira ba tare da shi ba.

6/ Wani ƙanena ya ce "mudun aiki". Na yi dariya, kuma ta yi min daɗi a baki, ƙane. Sai dai mudu daga ƙasa yake cika zuwa sama, namu kuwa a kwance yake.

7/ Wani malamin Hausa ya kawo "ma'aunin kwafi". Allah ya gafarta Malam, rabin farko ya zauna daram. Rabi na biyu ne ya yi ƙunci, domin layin nan shi ne dai ke fitowa wajen sauke abu daga intanet, da girka manhaja, da tura bidiyo ta WhatsApp. Na ɗauki ma'aunin Malam na ƙara masa aiki: ma'aunin aiki.

8/ Akwai ɗan'uwansa, wanda haske ke ta zirga-zirga a cikinsa ba ya cika, ko da'irar nan mai juyawa. Yana fitowa ne idan manhaja ba ta san jimillar ba tukuna. Wannan ba ya auna komai, don haka bai cancanci sunan ma'auni ba. Shi alamar jira ce.

9/ Ga yadda na rubuta a manhajar: "Ana ƙirga fayiloli", sannan "An kwafi kashi 40 cikin 100", a ƙasa kuma "Saura kamar minti 3". Kada kowa ya cire min "kamar" ɗin nan, ita kaɗai ce ke hana manhajar zama maƙaryaciya. Maɓallai biyu: "Dakata" da "Soke". Folda kuwa na bar ta a folda. An ba ni shawarar "jaka", amma ka ce wa yaron shago ya buɗe jaka, tasa ta goyo zai sauke.