Muhawara: Tsofaffin Yahudawa Na Buƙatar Sadakar Kowa Kuwa?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata talla da ke yawan fito mini a YouTube: wata tsohuwa Bayahudiya a wani ƙauye na Yukren, ta duƙunƙune cikin bargo a ɗaki mai sanyi, ana roƙon a aiko da kuɗi a saya mata kwalin abinci. Ƙungiyar International Fellowship of Christians and Jews ce ke da tallar. Ni dai a ganina damfara ce. Mutanen da duniya ta san su da dukiya, ga Jamus na zuba musu biliyoyi duk shekara, me zai kai tsofaffinsu ga bara? Mai hujja ya kawo.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Nura ɗana, kada ka yi wa mutane kuɗin goro. Ni aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi a New York, kamar yadda 'yan'uwanmu na zango da yawa da ke Bronx suke yi. Wadda na fi daɗewa tare da ita tana Brighton Beach ne a Brooklyn, unguwar da mutanen Odesa suka cika. Da tsufanta ta zo Amurka bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, ba ta yi aiki a nan ba balle ta samu fansho, ɗan tallafin gwamnati ne kawai abin hannunta. Da zafi ba ta yarda a kunna na'urar sanyaya ɗaki don tsoron kuɗin wuta. Kullum akwai guntun burodi a naɗe cikin hankici a ƙarƙashin filonta, kuma tun ranar farko jikarta ta gargaɗe ni kada in taɓa shi, domin tana ƙarama ta sha yunwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Kwalin abincin da wata ƙungiyarsu ke kawowa kafin Asabar, ni nake buɗe shi in jera mata, kwanukan nama daban, na madara daban, yadda addininsu ya tanada. Idan kwalin ya makara, ina ganin yadda hankalinta ke tashi. Wannan da idona na gani.

Nura: Na yarda da ke Hajiya, amma mutum ɗaya ce. To ina kuɗin Jamus suke tafiya?

Sa'adatu: Tambayarka ta biyu ta fi ta farko, Nura, kuma amsarta ce ke warware maganar. Kuɗin Jamus ba sadaka ba ne, diyya ce ta kisan kiyashin da gwamnatin Nazi ta yi wa Yahudawa. Asalinsu yarjejeniyar Luksambur ta 10 ga Satumba 1952, wadda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer ya sa wa hannu: mark biliyan 3 ga Isra'ila, mark miliyan 450 ga ƙungiyar Claims Conference da aka kafa a 1951 don nema wa Yahudawa diyya. Su kansu Yahudawa ba su haɗu a kan karɓar kuɗin ba. A Janairun 1952 ɗan siyasar Isra'ila Menachem Begin ya jagoranci zanga-zangar da har aka yi ta jifan ginin majalisa a birnin Ƙudus, suna cewa ba a sayar da jinin iyaye.

Har gobe Claims Conference na zama da gwamnatin Jamus kowace shekara a yi ciniki. A kan kuɗin shekarar 2024 an tsaya a kusan dala biliyan 1.4, kuma wajen dala miliyan 889 daga ciki na kula da tsofaffi ne a gidajensu, wato irin aikin da Hajiya ke yi: wanka, girki, juya wanda ba ya iya tashi. A farkon 2024 ƙungiyar ta ƙiyasta cewa waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin Nazi kuma suke raye sun kai 245,000 a ƙasashe fiye da 90, kusan rabinsu a Isra'ila, kuma rabinsu sun kai shekara 86 ko sun haura. Ka raba kuɗin da kanka, sannan ka tuna abin da ake kashewa a kan ɗan shekara casa'in da ke buƙatar mai kula safe da yamma.

Ga kuma abin da mutane ba su lura da shi ba. Wannan kuɗi na wanda zaluncin Nazi ya shafa ne kaɗai. Bayahudiyar da aka haifa a Moldoba a 1947 yau ta doshi tamanin, amma ba ta cikin lissafi, don bayan yaƙi aka haife ta. Haka wanda danginsa tun asali suna Tashkent ko Baku, inda sojan Jamus bai kai ba. Sun yi wa gwamnatin Sobiyet aiki duk rayuwarsu, malaman makaranta ne da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, sai ƙasar ta watse a 1991, hauhawar farashi ya cinye ɗan abin da suka tara a banki, 'ya'yan da yawa kuma suka yi ƙaura. Irin waɗannan ne ƙungiyar agaji ta Yahudawan Amurka mai suna JDC, wadda aka kafa tun 1914, take ɗauke da su ta cibiyoyinta na Hesed da ta fara buɗewa a shekarun 1990: katin sayen abinci, magani, makamashin ɗumama ɗaki da hunturu. Su kam da gudummawar jama'a ake riƙe su, kuma ƙungiyar da ka ga tallarta tana cikin masu ba JDC kuɗi.

Alhaji Ɗanlami: Malama Sa'adatu ta yi bayani, amma ba za mu bar Nura shi kaɗai ba, don zarginsa bai faɗi ƙasa banza ba. A 2010 hukumomin Amurka suka kama wasu mutane, ciki har da ma'aikatan ita Claims Conference ɗin, kan almundahanar da daga baya aka lissafa ta kai dala miliyan 57. Takardun bogi suke haɗawa, a canza wa mutum ranar haihuwa a mayar da shi wanda ya ga yaƙi, a karɓi kuɗi a raba. An samu mutum 31 da laifi, kuma jagoransu Semen Domnitser ya samu ɗaurin shekara takwas a 2013. Abin da ya fi ba ni takaici, tun 2001 wata wasiƙa marar suna ta ja hankalin shugabannin ƙungiyar, ba a bi ta yadda ya kamata ba. Na yi aikin duba littattafan kuɗi, na san cewa duk inda kuɗi ya yi yawa kuma mai haƙƙi ya yi rauni, ɓarawo ba ya nisa.

Sa'adatu: Gaskiya ne Alhaji. Sai dai a ƙara da cewa ƙungiyar ce da kanta ta gano badaƙalar a ƙarshen 2009 ta kai ƙara. Kuma satar da aka yi da sunan tsohuwa ba ta nuna cewa tsohuwar ba ta jin yunwa.

Alhaji Ɗanlami: Ban ce ba ta ji ba. Cewa nake a duba hannun da ake miƙa wa kuɗin. A Amurka ƙungiyoyin agaji na cike wata takarda mai lamba 990 duk shekara, kowa na iya dubawa a intanet, a ga albashin shugabanni da abin da aka kashe wajen talla. Ita ƙungiyar da Nura ya ga tallarta, wadda Rabbi Yechiel Eckstein ya kafa a 1983, akasarin kuɗinta daga Kiristocin Amurka yake fitowa, kuma jaridun Yahudawa da kansu sun sha sukar ta kan girman albashin shugabanta da kuma yadda take nuna talaucin tsofaffi a talabijin. Bayan rasuwarsa a 2019 'yarsa Yael ce ta gaje shi.

Aminu: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Muna kallon tsofaffin Gaza ana tura su a baro, babu magani babu ruwa, sannan mu zauna muna tausayin tsofaffin waɗancan? Wa ya tabbatar mini cewa kuɗin ba ya komawa ga masu jefa bama-bamai? Kuma a dubi Namibiya. Jamus ɗin nan ta yi wa Herero da Nama kisan kiyashi tsakanin 1904 da 1908, ba ta amsa sunan laifin ba sai 2021, ta ce za ta ba da yuro biliyan 1.1 cikin shekara talatin, shi ma a matsayin tallafin raya ƙasa, ta ƙi kiransa diyya. Jinin baƙar fata ya fi araha ke nan.

Sa'adatu: Maganar Namibiya ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma shugabannin Herero da Nama da dama sun yi watsi da tayin saboda wannan dalili. Amma laifin na Jamus ne, ba na tsohuwar Brighton Beach ba. Maganin shi ne a biya Herero haƙƙinsu cikakke, ba a hana wata nata ba. Batun inda kuɗi ke zuwa kuma, tambaya ce mai kyau, domin ƙungiyoyin ba a taru an zama ɗaya ba. Wadda Nura ya ga tallarta ba ta ɓoye cewa bayan ciyar da tsofaffi tana ɗaukar nauyin masu ƙaura zuwa Isra'ila, tana gina mafakar kariya daga hari, tana kuma tallafa wa sojoji mabuƙata. Wanda bai yarda da haka ba yana da damar riƙe kuɗinsa. Cibiyar Hesed da ke birnin Kharkiv na Yukren kuwa aikinta tsofaffin Kharkiv. Kuma kada ka ɗauka gwamnatin Isra'ila ta riƙe nata tsofaffin da hannu biyu. A Agustan 2007 waɗanda suka tsira daga kisan Nazi sun fito zanga-zanga a birnin Ƙudus, bayan gwamnatin Ehud Olmert ta yi musu tayin shekel 83 a wata.

Malam Habu: Bismillah. Aminu, zafin da kake ji kan Gaza duk muna jin sa, Allah ya kawo musu ɗauki. Amma Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Alƙali Abu Yusuf, a Kitabul Kharaj da ya rubuta wa Halifa Harunar Rashid, ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho yana bara a ƙofar gida. Ya tambaye shi, ya ce shi Bayahude ne, jizya da buƙata da tsufa suka fito da shi. Umar ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya aika wa ma'ajin baitulmali cewa a duba shi da ire-irensa, domin ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a watsar da shi da tsufa. Ya kuma ɗauke musu jizya. Ta fuskar hukunci, jumhurun malamai sun tafi a kan cewa zakka ba a ba talakan da ba Musulmi ba, amma sadakar nafila ta halatta, kuma aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Aminu: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma ni abin da nake da shi Gaza da Sudan zan aika.

Malam Habu: Madalla, Allah ya karɓa. Ba wanda ya ce ka karkatar da shi. Wanda ya fi kusa kuma ya fi matsuwa shi ya fi cancanta. Abin da nake hana ku shi ne ƙaryata yunwar mutum saboda ƙabilarsa.

Nura: To, na janye maganar cewa duk masu kuɗi ne. Batun waɗanda aka haifa bayan yaƙi ban taɓa jin sa ba. Amma har yanzu tallar ba ta kwanta mini ba. A haska fuskar tsohuwa tana hawaye don a tara kuɗi, ni ina ganin cin mutunci ne, ko wace ce ita.

Hajiya Rabi: A nan kam mun haɗu, ɗana. Tawa tsohuwar ko mai kawo kwalin ba ta yarda ya shigo sai ta taje gashinta ta sa 'yan kunne. Da za a ce a ɗauki hotonta a nuna wa duniya tana roƙo, da ta zaɓi ta kwana da yunwa. Alhaji, ka turo mana yadda ake duba takardar nan ta 990, ina so in ga ta ƙungiyar da ke kawo mata abincin.

Alhaji Ɗanlami: In sha Allahu Hajiya, bayan sallar Isha zan turo. Ki fara da shafin albashin shugabanni, sannan ki kwatanta abin da aka kashe wajen neman kuɗi da abin da ya isa hannun tsofaffin.