Bach Glenn Gould ya kaɗa, ko kansa ya kaɗa?

Malam Mai Faifai: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i na sake sa faifan Glenn Gould na 1955, wanda ya kaɗa Goldberg na Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, kuma ko za ku jefe ni sai na faɗa: ɗan Kanadan nan kansa ya kaɗa, sunan Bach kawai ya ara. Bach ya fitar da kiɗan a 1741, ya rubuta ƙarara a shafin farko cewa na hafsikod ne mai jeren madannai biyu. Gould ya ɗora wa fiyano, ya zuba a guje kamar wanda kare ya biyo, minti 38 da 'yan daƙiƙu ya tashi. Bach ya sa alamar maimaici a kowane rabi na kowane sashen kiɗan, shi ko ɗaya bai maimaita ba. Amma kullum sai yabo kuke kamar babu wani makaɗi a duniya.

Auta: Wa alaikumus salam Malam. A taimaka wa na baya, mene ne kuma hafsikod?

Yaya Babba: Auta, a ido kamar fiyano yake, cikin ne daban. Idan ka danna, wani ɗan tsinke ne ke tsinkar tsirkiyar, kamar yadda farce ke yi wa garaya. Ko ka danna da ƙarfi ko a hankali, ƙarar kusan ɗaya ce. Fiyano kuwa 'yar guduma ce ke dukan tsirkiya, shi ya sa yake iya raɗa, yake iya tsawa. Shi kuma Goldberg, uwar kiɗa ce guda a farko, sai a juya ta sau 30, sannan a dawo da ita a rufe.

Malam Mai Faifai: Madalla, Yaya ta gama min aiki. Kayan da ba ya raɗa ba ya tsawa aka rubuta wa.

Yaya Babba: A'a Malam, kada ka ci da rabona, ban gama ba. Bach ya san fiyano. Ya gwada na farko-farkon da Gottfried Silbermann ya ƙera, ya ce saman ba shi da ƙarfi kuma madannan sun yi nauyi, Silbermann ya koma ya gyara. A 1747 da Bach ya je Potsdam wurin Sarki Frederick na Biyu, a kan fiyanon Silbermann ya zauna ya yi kiɗa a gaban sarki. Mutumin da ya ɗauko kiɗan goge na Vivaldi ya mayar na madannai, shi ne za a ce zai yi fushi don an sauya wa nasa kaya?

Kawu na Zariya: Ni dai gungunin ne matsalata. Ranar farko da na sa Goldberg ɗin da Gould ya sake ɗauka a 1981 a kunne, cikin dare, sai na ji kamar wani na nishi a bayana. Na cire abin kunnen, na leƙa tsakar gida, na duba ko kurciya ce a taga. Ashe mutumin ne da kansa yake rerawa a maƙoshi yana bin kiɗan. Masu ɗaukar sauti sun yi iya yinsu, abin ya ƙi ɓoyuwa.

Auta: Kawu ka ba ni dariya wallahi.

Yaya Babba: Kawu, a da ni ma yana damuna. Ka nemi hoton bidiyon da Bruno Monsaingeon ya ɗauka a 1981 ka kalla. Gould yana zaune a 'yar guntuwar kujerar da mahaifinsa ya gyara masa, duk ta tsufa, hancinsa kusa da madannai, ya duƙa kamar tela a kan keke. Duk sanda hannu ɗaya ya samu sarari sai ya ɗaga shi yana yi wa ɗayan jagora a iska. Da ka ga haka za ka gane gungunin daga ina yake fitowa. Kuma abin da nake so Malam ya amsa min shi ne wannan. Kiɗan Bach muryoyi ne biyu, uku, wani lokacin huɗu, kowacce na tafiyarta, wata na bin sawun wata. A juyi na 3, na 6, na 9, haka har na 27, murya ɗaya ke farawa ta biyu ta kwaikwaye ta. A hannun makaɗa da yawa hannun dama kaɗai kake ji, hagu ya zama ɗan rakiya. A hannun Gould kana iya zaɓar murya ta ƙasa ka bi ta daga farko har ƙarshe ba ta ɓace maka ba, domin da ƙyar yake taka fedar da ke sa sauti ya cakuɗe. Idan wannan ba hidima ce ga Bach ba, mece ce?

Malam Mai Faifai: Wannan na ba ki, Yaya, hannun hagunsa babu na biyunsa. Har wuraren da aka yi domin jere biyu, inda a fiyano hannaye ke hawa kan juna, yana wucewa tsaf. Amma gudun fa? Makaɗiyar nan Wanda Landowska ta ɗauki Goldberg a hafsikod tun 1933 a Faris, da natsuwa da girma.

Kawu na Zariya: Malam, nan kuma ka taka sawun ɓarawo. Hafsikod ɗin Landowska kamfanin Pleyel ne ya ƙera mata, da ƙashin ƙarfe irin na fiyano. Bach bai taɓa ganin irinsa ba. In asali kake nema, ka ce Gustav Leonhardt na Holan, sai mu saurare ka.

Malam Mai Faifai: Na karɓi gyara, Kawu. Leonhardt ɗin ma ya fi min.

Yaya Babba: Batun gudu kuma ba ko'ina ba ne. Juyi na 25 a faifan 1955 ya haura minti shida, yana jan sa kamar mai zaman makoki. Yaro ne ɗan shekara 22 a lokacin. Shi da kansa daga baya ya kushe faifan, shi ya sa ya koma ɗakin ɗaukar sauti ɗaya, na kamfanin Columbia a titi na 30 a New York, ya sake a 1981. Wannan karon minti 51, da maimaici a wasu juye-juyen. Uwar kiɗan da a da ba ta kai minti biyu ba ta koma minti uku.

Malam Mai Faifai: To ai kin shigo layina. Idan mai kayan ya ce na farko bai yi ba, ni wane ne?

Yaya Babba: Ai ba ka ce na farko bai yi ba, cewa ka yi ba Bach ya kaɗa ba. Kada ka sauya riga a tsakiyar kasuwa.

Auta: Ni abin da ya tsaya min a rai, na ji an ce ya daina fita gaban jama'a.

Kawu na Zariya: Tun Afrilun 1964, a Los Angeles ya yi na ƙarshe, yana da shekara 31. Daga nan sai ɗakin ɗauka, a yanka nan a haɗa da can. Faifan 1981 ya fito a 1982, shi kuma ya rasu ranar 4 ga Oktoba na shekarar, kwana tara bayan ya cika 50, shanyewar jiki ce ta kama shi a Toronto.

Malam Mai Faifai: Yankan da haɗin nan ma wata muhawarar ce, ku tuna min. Yaya, turo min na 1981 ɗin, nawa faifan ya karce daidai juyi na 15. Zan saurara da daren nan, amma ban janye ba tukuna.

Kawu na Zariya: In ka ji nishi kada ka fita duba taga.